Tarihin Ƙiyasta Diyyar Rauni: Daga Raƙuma Ɗari Zuwa Dokar CIMA

Gabatarwa

Hanyar motar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Katsina tana ƙetare iyaka tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Mutanen da ke wannan ɓangare da na wancan harshensu ɗaya ne, addininsu ɗaya, kuma kasuwanni ɗaya suke ci. Amma idan mota ta kaɗe mutum ta karya masa ƙafa a kan wannan hanya, lissafin abin da za a biya shi ya danganta da ɓangaren da ya faɗi. In a ƙasar Nijar ne, akwai jadawali rubutacce a cikin dokar inshora wanda ya yanka wa kowane irin lahani rabonsa. In a Najeriya ne, alƙali ne zai saurari shaidu, ya dubi hukunce-hukuncen da suka gabata, sannan ya ƙiyasta abin da ya ga ya dace. Idan kuwa dangin ɓangarorin biyu suka zaɓi zuwa gaban malami ko mai gari, ma'aunin da za a ambata shi ne na diyya, wadda asalinta raƙuma ne.

Kowace daga cikin hanyoyin nan uku tana da dogon tarihi. Tun lokacin da mutane suka yarda su karɓi dukiya a madadin ramuwa, tambayoyi uku ne suke ta dawowa. Shin za a yanka wa kowace gaɓa tsayayyen farashi ne, ko a bar wa alƙali ya ƙiyasta? Da wane abu za a auna farashin? Wa zai biya? Wannan maƙala ta bi sawun amsoshin da aka bayar, domin nuna cewa jadawalin diyya ba ya ɗorewa cikin adalci sai gwargwadon lafiyar ma'aunin da aka ɗaura shi a kai.

Farashin gaɓoɓi a tsohuwar duniya

Dokokin sarki Ur-Nammu, da aka rubuta a yankin da yake kudancin Iraƙi a yau kimanin shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna cikin mafi daɗewar dokokin da suka iso ga mutanen wannan zamani. A cikinsu da azurfa ake biyan rauni. Wanda ya tsiyaye wa wani ido zai auna rabin mina, wato shekel 30. Wanda ya yanke ƙafa zai biya shekel 10, haƙori kuwa shekel 2 ne.

Bayan kimanin ƙarni uku da rabi, dokokin Hammurabi, sarkin Babila, suka zo da wani tsari wanda ya bambanta mutane bisa matsayinsu. Idan mai daraja ya tsiyaye idon mai daraja ɗan'uwansa, shi ma a tsiyaye nasa. Idan idon talaka ne, mina ɗaya ta azurfa ta wadatar. Idan na bawa ne, rabin kuɗin bawan za a biya. A cikin dokokin akwai kuma wata da ta ce wanda ya ji wa wani rauni cikin faɗa, ya rantse ba da gangan ya yi ba, zai biya ladan mai magani. Ke nan tun wancan lokaci an san bambanci tsakanin ganganci da kuskure, kuma an san kuɗin jinya wani haƙƙi ne mai zaman kansa.

Romawa su ne suka fara ɗanɗana illar tsayayyen farashi a fili. Dokokinsu na Alluna Goma Sha Biyu, na wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun sa kwabon tagulla mai suna as guda 300 a kan karya ƙashin ɗa, 150 a kan na bawa, da 25 a kan ƙananan cin zarafi irin su mari. Da zamani ya tura, darajar wannan kwabo ta zube. Marubucin nan Aulus Gellius ya kawo labarin wani attajiri mai suna Lucius Veratius, wanda yakan bi titi yana marin duk wanda ya ga dama, bawansa na biye da jakar kuɗi yana ƙirga wa kowa as 25 nan take. Doka ba ta canza ba, amma ta zama abin wasa a hannun mai kuɗi. Saboda irin wannan ne mahukuntan shari'ar Roma suka bar tsohon farashin, suka naɗa masu ƙiyasi da za su dubi kowane cin zarafi da kansa. Daga baya masanin shari'arsu Gaius ya bayyana cewa wanda aka ji wa rauni za a lissafa masa kuɗin likita da abin da ya rasa na sana'arsa, amma tabo da munin halitta ba su da farashi, domin jikin ɗa ba haja ba ne.

A Ingila kuma, dokokin sarki Ethelbert na ƙasar Kent, na wajen shekara ta 600 Miladiyya, sun bi jiki daga kai har tafin ƙafa suna yanka kuɗi: ido sule 50, ƙafa sule 50, babban yatsa sule 20, kowane ɗaya daga haƙoran gaba huɗu sule 6. Manufar ita ce a kashe wutar gaba tsakanin dangi kafin ta ci rayuka.

Tsarin diyya a shari'ar Musulunci

Larabawa sun san diyya tun kafin Musulunci. Shari'a ta tabbatar da ita, ta kuma daidaita ta. Diyyar rai raƙuma 100 ce, kuma daga wannan adadi ake fitar da rabon kowace gaɓa. Babban tushen wannan rabo shi ne takardar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazmi lokacin da ya tura shi Najran, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Hanci idan aka yanke shi ɗungurungum diyya ce cikakkiya. Ido ɗaya, ko hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya, raƙuma 50. Kowane yatsa 10, kowane haƙori 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi, wanda ake kira muliha, shi ma 5 ne. Raunin da ya kai ga kwanyar kai, da wanda ya huda ciki, kowannensu sulusin diyya ne.

Abin lura a nan shi ne tsarin na kaso ne. Haƙori kashi 5 ne cikin ɗari na diyyar rai, yatsa kashi 10, hannu kashi 50. Saboda haka idan aka gyara darajar diyyar rai, farashin sauran gaɓoɓi duka zai gyaru da kansa. An kuwa yi wannan gyara tun da wuri. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) darajar diyya dinari 800 ce ko dirhami 8,000. Da raƙuma suka yi tsada, Halifa Umar bin Haɗɗabi (RA) ya mayar da ita dinari 1,000 ga masu mu'amala da zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa, shanu 200 ga masu shanu, tumaki 2,000 ga masu tumaki. Matsalar da ta mayar da dokar Roma abin dariya ita ce ya hango, ya tare ta da sabunta ma'auni.

Malaman mazhabar Malikiyya sun faɗaɗa wannan babi. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ta sa diyya cikakkiya a kan gushewar ji ko hankali, ta kuma raba yatsa gaɓa-gaɓa: kowace gaɓa raƙuma uku da sulusi, ta babban yatsa kuwa biyar, domin shi gaɓoɓinsa biyu ne. Mai ido ɗaya idan aka tsiyaye masa wanda ya rage, diyyarsa cikakkiya ce ba rabi ba, saboda ganinsa duka ne ya tafi. Wannan ya nuna malaman amfanin gaɓa suke dubawa, ba ƙidayarta kawai ba.

Akwai ƙa'idoji uku a wannan babi da suka fi dacewa ɗalibi ya riƙe, domin za a sake haɗuwa da su a dokokin zamani cikin wata riga.

Ta farko, ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Rauni kan yi kamar ƙarami ranar farko, daga baya ya ci gaɓa ko ma ya ci rai. Wanda ya yi gaggawar karɓa, shi zai yi asara.

Ta biyu ita ce hukuma, wato ƙiyasin raunin da nassi bai yanka masa adadi ba. Malamai sukan ƙaddara wanda aka ji wa raunin a matsayin bawa, su tambayi darajarsa yana lafiyayye, da darajarsa bayan ya warke da lahanin. Idan da can ɗari ne, yanzu ya koma casa'in, ya rasa ushuri, sai a ba shi ushurin diyya, wato raƙuma 10. Ƙaddarawa ce kawai ta lissafi a zamanin da kasuwar bayi ita ce wurin da ake sa wa ƙarfin mutum farashi. Da wannan dabara tsarin ya haɗa tsayayyen jadawali da ƙiyasin masana a wuri ɗaya.

Ta uku ita ce aƙila. Idan rauni na kuskure ne kuma ya kai sulusin diyya ko fiye, a Malikiyya ba mai laifin kaɗai ke biya ba. Danginsa na wajen uba ne suke haɗa hannu, kuma cikakkiyar diyya a cikin shekara uku ake biyan ta. Abin da bai kai sulusi ba, daga dukiyarsa zai fito. Hikimar a bayyane take: wanda aka cuta ya samu haƙƙinsa ko da mai laifin matalauci ne, shi kuma wanda ya yi kuskure kada ya tsiyace rana ɗaya.

Waɗannan hukunce-hukunce sun iso ƙasar Hausa ta hanyar Risala da Muhtasar na Shehu Halil, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano zuwa Damagaram. Bayan jihadin 1804 su ne madogarar alƙalan Daular Sakkwato. Sai dai kuɗin da ke hannun jama'a ba dinari ba ne, ba kuma dirhami ba. Wuri ne. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne suke daidai da dalar azurfa ɗaya, kuma darajar wuri ta ci gaba da faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Adadin da ke cikin littafi bai motsa ba, amma mayar da shi zuwa kuɗin kasuwa aiki ne da ba ya ƙarewa.

Zamanin jirgin ƙasa da masana'antu

A Turai ta ƙarni na 19 jirgin ƙasa da injinan masana'antu sun kawo raunuka masu yawa da ba a taɓa ganin irinsu ba, kuma galibi mai laifin kamfani ne mai dukiya. A Ingila an bar ƙiyasi a hannun masu taya alƙali yanke hukunci, mutane goma sha biyu daga cikin jama'a. Shari'ar wani likita mai suna Phillips ta 1879 ta nuna inda wannan hanya take da rauni. Likitan yana samun kimanin fam 5,000 a shekara kafin hatsarin jirgin ƙasa ya nakasa shi. A zaman farko aka ba shi fam 7,000. Kotun sama ta ga adadin ya yi kaɗan ƙwarai, ta sa a sake shari'ar, a karo na biyu aka ba shi fam 16,000. Mutum ɗaya, rauni ɗaya, amma hukunci na biyu ya ninka na farko fiye da sau biyu.

A 1880 wani babban alƙali, Lord Blackburn, ya tsara ƙa'idar da kotunan Ingila suke bi har yau: a ba wanda aka cuta kuɗin da zai mayar da shi, gwargwadon iyawar kuɗi, matsayin da zai kasance da ba a cuce shi ba. Daga nan aka raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa da takarda, kamar kuɗin asibiti da albashin da ya wuce. Akwai kuma wadda sai dai a ƙiyasta, kamar raɗaɗi, da rasa jin daɗin rayuwa, da abin da mutum zai rasa nan gaba. Wannan na ƙarshe ana samun sa ta hanyar ninka asarar shekara ɗaya da wani adadi na shekaru, wanda ake ragewa saboda kuɗin a dunƙule za a karɓe su tun yanzu. Wannan tsari ne Najeriya da Gana suka gada.

Amma Ingila ma ba ta iya zama babu jadawali ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka kusan daina amfani da masu taya alƙali a shari'un rauni. A 1984 aka fitar da jadawalin Ogden na lissafin shekarun da suka rage wa mutum, a 1992 kuma aka buga littafin jagora ga alƙalai mai nuna iyakar ƙasa da ta sama ga kowane irin rauni.

Ta fuskar ma'aikata kuwa wata hanya aka bi. Jamus a 1884, Ingila a 1897, da Faransa a 1898 duk sun yi dokokin da suka ba ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki diyya ba tare da sai ya tabbatar da laifin ubangidansa ba, amma bisa ƙayyadadden kaso na albashinsa. Ciniki ne aka ƙulla: ma'aikaci ya samu tabbas da sauri, ya haƙura da cikakkiyar diyya. Da wannan tsari ne auna nakasa da kashi cikin ɗari ya zama aikin likita na yau da kullum, wanda in aka duba ɗan'uwan hukuma ne, sai dai an cire bawa an sa ma'aikaci.

Yadda aka haifi dokar CIMA

Ƙasashen da Faransa ta raina sun gaji aya ta 1382 ta kundin dokokin farar hula na 1804, wadda ta wajabta wa duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna ya gyara ta. Kotunan Faransa sun fassara ta da biyan asara cikakkiya, adadin kuwa alƙali ne ke yankewa. Haka Nijar da Kamaru da Cadi da sauransu suka ci gaba da yi bayan samun ƴancin kai a 1960.

Zuwa shekarun 1980 inshorar motoci a waɗannan ƙasashe ta shiga wani hali. Hatsari ya yawaita, hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban daga wannan alƙali zuwa wancan, shari'a tana ɗaukar shekaru, kuma idan mutum ya mutu dangi masu yawa ne suke neman rabo. Kamfanoni da dama suka kasa biyan abin da ke kansu. Takardar hukunci mai ɗauke da miliyoyi ba ta sayen magani idan wanda zai biya ya durƙushe. Maroko ta koma ga jadawali a 1984. Togo da Kamaru da Kodebuwa suka bi sahu a 1989.

A ranar 10 ga Yuli 1992 ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa suka sa hannu a Yawunde a kan yarjejeniyar kafa hukuma guda ta kula da kasuwannin inshorarsu, wadda aka fi sani da CIMA, mai mazauni a Libreville ta ƙasar Gabon. Kundin dokokinta ya fara aiki ranar 15 ga Fabrairu 1995, shekara ɗaya bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Nijar, Cadi, Kamaru da Benin duk suna ciki.

Dokar ta ɗebo wani abu daga dokar Badinter ta Faransa ta 1985. Mai tafiya a ƙasa ko fasinja da ya ji rauni za a biya shi ko da yana da nasa sakaci, sai fa in da gangan ya nemi cutar da kansa. Kamfanin inshora ne aka ɗora wa nauyin gabatar da tayin diyya cikin wa'adi, wanda a rubutun farko wata goma sha biyu ne daga ranar hatsari, kuma sai sulhu ya gagara ake zuwa kotu. Inda ta saɓa wa Faransa shi ne a kan adadi. Ayoyi na 258 zuwa 266 sun lissafa irin lahanin da ake biya, suka kuma ɗaura lissafin a kan albashi mafi ƙaranci na ƙasa, wanda ake kira SMIG.

Ga yadda lissafin mai rauni yake tafiya. Ana biyan kuɗin jinya bisa takardun shaida, tare da iyakar da aka auna da farashin asibitocin gwamnati. Ana biyan kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba bisa abin da yake samu, wanda kuwa ba shi da takardar da za ta nuna abin da yake samu, da SMIG za a auna masa. Bayan rauni ya tsaya, likita zai yanka nakasar dindindin da kashi cikin ɗari, kuma darajar kowane kashi tana hawa da tsananin nakasa, tana sauka da yawan shekarun mutum. Asarar abin da zai samu nan gaba ba a biyan ta sai nakasa ta kai kashi 50, kuɗin mai kula da shi kuwa sai ta kai kashi 80. A rubutun farko asarar nan gaba ba ta wuce ninki bakwai na SMIG na shekara, kafin gyaran 2014 ya ɗaga wannan iyaka da wasu irinta.

Raɗaɗi da kuma munin tabo, wanda Gaius ya ce ba shi da farashi, dokar ta jera su hawa takwas. Mai sauƙi ƙwarai kashi 5 ne cikin ɗari na SMIG na shekara, mai sauƙi 10, mai dama-dama 20, matsakaici 40, mai ɗan tsanani 60, mai tsanani 100, mai tsanani ƙwarai 150, wanda ya wuce misali kuma 300.

A nan ne tsohuwar tambayar ma'auni take sake ɗago kai. SMIG na Nijar ya tsaya a sefa 30,047 a wata tun daga 2012, sai a farkon 2024 ya koma jaka 42. A tsohon adadi, raɗaɗi matsakaici yana kawo kimanin jaka 144. A sabon adadi yana kawo sefa 201,600. A Cadi, inda SMIG yake wajen jaka 60, raɗaɗin nan ɗaya yana kawo kimanin jaka 288. Fiye da shekara goma farashin gero da magani suna hawa a kasuwannin Nijar, amma farashin zafin da mutum ya sha yana nan inda aka bar shi, saboda ma'auninsa sai gwamnati ta motsa shi yake motsi. Haka kuma makiyayi ko tela ko ɗan kasuwar da ke samun ninkin SMIG sau da yawa, amma ba ya ajiye lissafi a rubuce, dokar za ta auna shi da mafi ƙarancin albashi. Babur ɗin kabu-kabu da ba shi da inshora kuwa yakan bar wanda ya kaɗe da jadawali a hannu, babu mai biya.

Diyya a Sudan da Cadi

Sudan ta ɗauki wata hanya. Dokar laifuffuka ta 1991 ta ce diyya raƙuma 100 ce ko kwatankwacinsu na kuɗi, ta kuma ba Alƙalin Alƙalai ikon sabunta adadin lokaci bayan lokaci. Dokar ta faɗaɗa ma'anar aƙila har ta haɗa da kamfanin inshorar mai laifi, da wurin aikinsa idan a bakin aiki abin ya faru. Wannan amincewa ce a rubuce cewa aikin da dangi suke yi a da, na raba nauyin kuskure a kan mutane da yawa, shi ne inshora take yi a yau. Saudiyya ma a 2011 ta ɗaga diyyar kisan kuskure daga riyal 100,000 zuwa 300,000 saboda tsadar raƙuma, dalilin da Halifa Umar (RA) ya dogara da shi ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

A Cadi dokar CIMA tana aiki, amma diyyar da shugabannin al'umma suke sasantawa a kai ita ma tana da ƙarfi, kuma ta daɗe tana jawo muhawara. Masu goyon bayanta suna ganin tana kashe fitina da sauri a inda kotu take da nisa. Masu suka, musamman a kudancin ƙasar inda akasarin jama'a ba Musulmi ba ne, suna ƙorafin ana ɗora ta a kan waɗanda ba al'adarsu ba ce, ana tilasta wa gari guda biyan laifin mutum ɗaya, kuma tana zama hanyar kuɓuta daga hukunci. A watan Oktoba na 2021 aka sa hannu a garin Kumra a kan wata yarjejeniya da ta yanka kuɗin da za a biya a kan kisa da hatsari. Ƙorafi ya yi yawa, har gwamnati ta soke ta ba da jimawa ba. Darasin Kumra shi ne farashi ba ya kwantar da rikici sai ɓangarorin biyu sun yarda da wanda ya yanka shi.

Kammalawa

Tarihin nan bai miƙe a kan hanya ɗaya ba. Roma ta gudu daga jadawali zuwa ƙiyasi, ƙasashen sefa sun gudu daga ƙiyasi zuwa jadawali, Ingila ta tsaya tsakani, fiƙihun Malikiyya kuma tun farko ya riƙe duka biyun, nassi ga gaɓoɓin da aka ambata, hukuma ga sauran. Jadawali yana ba talaka tabbas da sauri, yana kuma hana mai baki ya fi maras baki samu, amma yana tauye wanda asararsa ta fi ta galibin mutane, kuma yana ruɓewa a hankali idan aka manta da sabunta ma'auninsa. Ƙiyasin alƙali yana duban mutum da halinsa, amma yana buƙatar lauya da haƙuri da kuɗin zirga-zirga, abubuwan da mai karyayyar ƙafa ya fi kowa rashinsu.

Ga mutumin da ya faɗi a ɓangaren Ɗan Isa, wannan tarihi yana da amfani na zahiri. Rahoton jandarma ko ƴan sanda shi ne mafarin lissafinsa. Rasiɗan asibiti da na kantin magani su ne shaidar kuɗin jinyarsa, takardar likita ta ranar farko da ta ranar da rauni ya tsaya su ne za su yanka kashin nakasarsa. Dokar CIMA ta ba shi kwana 15 ya warware sulhun da ya sa wa hannu idan bai bi ƙa'idojinta ba, ta kuma ba shi shekara biyar daga ranar hatsari kafin haƙƙin ƙara ya faɗi. Abin da ya fi yawan jawo wa masu rauni asara shi ne karɓar kuɗi a makon farko, lokacin da ciwo yake ɗanye, gida kuma ba ko dala. A kan wannan batu ɗaya malamin da ke karantar da Risala a zaure da likitan da kamfanin inshora ya naɗa bakinsu ɗaya ne: sai rauni ya warke ake sanin abin da ya ci.